Tsarabar da Baffa Ya Kawo Daga Ƙasan Teku

Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda duk garuruwan bakin gulbinmu suka sani da Na-Teku, ya riga mu komawa wata Talata da hantsi, gero yana cikin fid da kai. Ciwon bai ja shi da nisa ba. Ƙirji ne ya riƙe shi, muka kai shi asibiti Gummi, muka dawo da shi, ya cika a ɗakinsa, yayarsa Goggo tana riƙe da hannunsa.

Kwana uku muna bisa tabarmi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. Mutanen Adabka sun zo uku-uku bisa babur, laka har gwiwa. Na Zugu kuwa, da yadda 'yan bindiga suka mai da hanyarsu, wallahi ban sa musu rai ba, sai ga su sun sauka ana kiran azahar, suka yi addu'a, suka sha ruwa a tsaitsaye, suka juya tun da sauran rana. Wani dattijo daga Anka, wanda suka yi makarantar kwana tare da marigayi, ya ce, “Mu munka tsaya bakin gulbi muna kallon ruwa, shi yab bi shi har inda yaƙ ƙare.”

Wani tsohon makiyayi, abokin hirarsa na kullum, ya jingine sandarsa, ya shafa fatiha, sannan ya ce, “To, yanzu wa za ni tambaya yaushe ruwa ka sauka, shi ce man bai sani ba?” Aka yi dariya, dariyar ta juye kuka, shi kansa tsohon ya ja rawani ya rufe fuska. A cikin gida, 'yar Baffa da ta zo daga Legas, Hausarta duk a karye, sai amsa “amin” take yi ko ba a yi addu'a ba. Akwai kuma wanda ya raɗa wa na kusa da shi cewa Allah ya jiƙansa dai, amma mutum da digiri ya ƙare rayuwarsa a tonon laka! Na ji shi da kunnena, kuma na san shi sarai. Zaman makoki ba wurin ramuwa ba ne, shi ya sa na haɗiye.

Baƙin da ba su samu jana'iza ba, da baki suke gaisuwa, ido yana kan Baba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shekara talatin da 'yan kai mahaifina bai sa hannu a kwano ɗaya da ƙanensa ba, ko lokacin da yake zuwa hutu, ko bayan ya dawo gida gaba ɗaya. Uwa ɗaya, uba ɗaya, zaure ɗaya. Gaisuwa kam suna yi, don Baba mai tsoron Allah ne, ba zai ƙaurace wa ɗan'uwansa ba, sai dai ba ta wuce “lahiya lau” a tsaye. Abin da kowa ke son ji, ba kuma mai iya tambaya, shi ne ko Alhaji, wato Baba, ya yafe wa Auta ƙanensa kafin ƙasa ta rufe shi, ko kuwa haka suka rabu. Ni ina wurin, na ga abin da ya faru. Saboda shi na zauna rubuta wannan, ni da aikina gyaran injin ban-ruwa ne.

Kakarmu, wadda su ukun suke kira Inna, wato Baba da Goggo da Baffa autansu, maginiyar tukwane ce. Daga garinmu har kasuwar Gummi da wuya ka shiga gida ba ka ga randarta ba, kuma kana gani za ka gane ta, don tana da alama: dangwale uku na babban yatsa a wuyan tukunya. Da kanta take zuwa gaɓar gulbi ta tono yumɓu, ta murza, ta ɗanɗana a harshe, ta ce wannan zai yi, wancan ba zai yi ba. A gindinta Baffa ya tashi yana kwaɓa mata laka, har ranar da aka zo kamun yara boko. Baba babba ne, ba a ba da shi, gona tana buƙatarsa. Aka miƙa Auta. Kan kuwa ya ɗauki karatu: daga makarantar kwana sai jami'a, daga jami'a sai ƙasar waje, can sai ga labari wai yana aiki a wata ma'aikatar binciken teku a Legas, yana shiga jirgin ruwa wata da watanni. Mutumin da ko kwalekwale sai an riƙe masa hannu!

Abin da zan faɗa yanzu ban gan shi ba, Goggo ce ta ba ni, kuma ba ta taɓa kai ƙarshensa ba tare da ta goge ido ba. Wani zuwa hutu da Baffa ya yi, Inna ta tsare shi da tambaya.

“Auta, wai mi kuka nema cikin ruwan ga?”

“Laka, Inna.”

Ta yi dariya har ta ajiye abin da ke hannunta. “Laka? Ka baro laka gida ka tahi neman laka? To in ka koma ka ɗebo man tata in gani, ko tana ginuwa.”

Ya koma, jirginsu ya tashi. Bayan girbi ciwo ya kwantar da ita. Baba ne ya yi jinya, shi ke ɗaga ta, shi ke kwantar da ita, amma a kwanakinta na ƙarshe ƙofa take kallo tana cewa, “Auta bai zo ba?” An ba wani direba saƙo zuwa Legas, ya tarar mutumin yana tsakiyar ruwa, saƙon ya tsaya a nan. Aka binne ta, aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in. Shi kuwa yana sauka daga jirgi ya kamo hanyar gida bai san komai ba. Ya yi sallama a zaure da marece yana dariya, Baba yana cin tuwo. Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya ɗaga sama.

“Yaya! Ina Inna? Ga tsarabarta.”

Baba ya dube shi, ya dubi kwalbar. “Tana makabarta,” in ji shi. “Kai mata can.” Ya cire hannu daga kwano, ya wanke, ya tashi. Tashin ke nan da bai sake zama ba.

Baffa ya ajiye aiki ya dawo gida bayan rasuwar matarsa, 'ya'yansa mata biyu duk suna ɗakin miji a Kudu. Ya gyara ɗakin Inna ya shiga. Mutane sun zaci zai dawo da mota da gidan bene, sai ga shi da akwatunan littattafai da wani tsohon madubin ƙara girman abu, irin na asibiti. Hausarsa ta sha ruwan Legas, yara suna kwaikwayonsa a bayan ido, yana ji yana dariya. Mutumin da igiyar teku ba ta taɓa sa shi amai ba, in na goya shi a babur sai ya damƙe min riga yana salati tun daga ƙofar gida har Nasarawa Burkullu. Noma kuwa, Allah ya jiƙansa, geronsa ya fi na kowa rama a duk yankin. Abokan wasansa suna cewa, “Na-Teku, ka san daminar shekara dubu, ta bana ta gagare ka!” Sai ya ce, “Ai ta dā ta riga ta kwanta, ta bana ce ke yawo.”

Duk shekara in bazara ta yi zafi, manoma da makiyaya sukan zagaye shi, a faɗa musu ranar saukar ruwa. Amsarsa ɗaya ce: “Ban sani ba. Ni ba ɗan duba ba ne.” Amma in ka yi haƙuri ka zauna, zai gaya maka cewa ruwan da ke sauka a gonarka baƙo ne, daga teku ya taso. Rana ke dafa teku, tururi ya tashi, iska ta koro shi ta keta duk ƙasar Kudu har ya iso kanmu. Saboda haka wanda ke son sanin halin damina, in ji shi, sai ya fara tambayar lafiyar teku. Da yawa sun ɗauka zance ne irin na 'yan boko. Ni ma da farko kai kawai nake gyaɗa masa don ladabi.

Wata safiya da rani ya zo rumfata, ya ɗauki guntun bututun roba ba tare da ya tambaye ni ba, ya ce in biyo shi. Na bar injin mutane a kwance na bi shi ina ƙunƙuni. A fadama ya kafa bututun a danshi, ya ce in danna da ƙarfi. Na danna har ya nutse. Ya toshe bakin da tafin hannu, muka zaro, ya tsaga shi da wuƙa a tsaye. Sai ga laka hawa-hawa: baƙa, sannan yashi ja, sannan baƙa kuma, sannan yashi mai kauri.

“Ɗana, karanta mini,” ya ce.

“Baffa, laka ce.”

“Yashin nan mai kauri, shekarar da gulbi ya yi hauka ya hau fadama ce. Baƙar nan, shekarun da ya kwanta lafiya. Ta ƙasa ta girmi ta sama. To aikin da na yi ke nan duk rayuwata, sai dai bututunmu na ƙarfe ne, ya fi giginya tsawo, kuma daga kan jirgi muke zura shi da igiyar ƙarfe har ya taɓa ƙasan teku.”

Ya ce gulbin nan namu da nake rainawa, duk lakar da ya kwasa yana kai wa gulbin Sakkwato, wancan ya miƙa wa Kwara, Kwara ta juye a teku. Can ƙasa, inda ba iska ba haske, lakar takan kwanta a hankali, ta bana bisa ta bara, shekara dubbai ba mai taɓa ta. In suka zaro suka tsaga, inda lakar gulbi ta yi kauri sun san a zamanin an yi ruwa sosai a ƙasarmu, inda ta sirance sun san fari ne ya daɗe. Har garin furen itatuwa da na ciyawa suna samu a ciki, su gane lokacin da nan kurmi ne da lokacin da fako ne. “Mu muna mantuwa,” in ji shi. “Tsoho ya mutu, labarinsa ya bi shi. Teku ba ta mantuwa.” Daga ranar na daina gyaɗa kai don ladabi, na fara saurare.

Kwalbar nan tana bisa tagar ɗakinsa duk shekarun nan, lakar ta bushe ta yi toka-toka. Sau ɗaya na ga an buɗe ta. Goggo ce ta matsa masa, wai ita dai sai ta ga abin da ya raba mata 'yan'uwa. Ya ɗebi ɗan kaɗan a tsinken ashana, ya jiƙa, ya wanke, ya sa ƙarƙashin madubi, ya ce ta rufe ido ɗaya. Ta sunkuya da ƙyar, ta daɗe, sannan ta ɗago tana dafe ƙirji.

“La'ilaha illallahu! Auta, tukwane na! 'Yan ƙananan tukwane, an jera su manne da juna!”

Ya ce gidajen wasu halittu ne da ba su kai ƙwayar yashi ba, suna yawo a saman ruwa, in sun mutu gidan ya nutse. Kowanne da ruwan zamaninsa aka gina shi, don haka in aka auna shi a ɗakin bincike yakan nuna ko ruwan yana da ɗumi ko sanyi, ko gishirinsa ya yi yawa, ko kuwa gulabe sun tsarma shi da ruwan sama. Goggo ba ta saurari wannan ba. Ta sake leƙawa, ta ce a hankali, “Da Inna ta gani.” Baffa ya rufe kwalbar, ya fita waje, bai dawo ba sai bayan la'asar.

Yana da wata ɗabi'a da take ƙona min rai. Kullum da marece in an kawo masa tuwo, a zaure yake zama, daidai inda Baba ke wucewa zuwa masallaci. Sai ya ci gabansa kawai, ya bar ɗaya gefen ko miya bai taɓa ba, ya yanke shi tsaf kamar da wuƙa. In Baba ya zo wucewa ya ce, “Yaya, bismillah.” Baba ya ce, “Na ƙoshi.” Sai a kwashe ragowar a kai wa yara. Na taɓa ce masa, “Haba Baffa, kai ba ka gajiya? Ba a tilasta wa jaki shan ruwa.” Ya harare ni, ya ce, “Uban naka ne jaki?” Ban sake ba.

Tsofaffin abokan aikinsa ba su manta da shi ba, suna turo masa sakamakon bincike ta waya, yana hawa tudun bayan gari neman sabis. Ya ce yanzu ba sai an jira jirgi ba, an watsa wasu na'urori a teku, suna nutsewa suna tasowa kamar agwagwa, suna auna zafin ruwa da gishirinsa suna aikawa ta tauraron ɗan'adam. Abin da suke nunawa bai yi masa daɗi ba. Teku tana ƙara ɗumi, kuma ko mace mai girki ta san in an ƙara wuta tururi ƙaruwa yake. Ya ce ba ya tsoron ƙarancin ruwa kamar yadda yake tsoron zubarsa, don zai riƙa yin shiru ya yi shiru, sannan ya juye na wata guda a yini ɗaya. Daga tudu in ya sauko, makabarta yake nufa ya tsaya yana kallon gaɓa.

Tsohuwar makabartarmu a bakin gulbi take, kuma kabarin Inna yana layin farko ta wajen ruwa. Gaɓar ta fara tsagewa. Baffa bai yi gaggawa ba. Sai da ya je Gummi ya tambayi malamai, suka ce in ruwa zai tone mamaci, ya halatta a ɗauke shi a mayar wani wuri cikin mutunci. Ya ba da gonarsa ta gado da ke kan tudu kyauta, a yi sabuwar makabarta. Gidaje da dama suka yarda suka kwashe nasu. Na Inna kuwa sai da izinin babban ɗa. Ya sami Baba a zaure, ina nan, Goggo tana bakin ƙofa. Ya durƙusa, tsoho da furfura, kamar yaro.

“Yaya, gulbi yana cin gaɓa. Damina biyu ko uku zai kai ga Inna.”

“Teku tag gaya maka?”

“Idona ya gaya mini, Yaya. Teku ƙarin shaida ce.”

Baba ya ajiye tasbaha. “Ni nis sa ta ciki da hannuna. Da tukwanenta munka ruhe ta. Ina gabanta dare da rana, kai taka kira. Kana ina? Ka san ko wane gehe kanta yake? Wanda bai zo binnewa ba, ba shi zuwa tonowa.”

Goggo ta fashe da kuka. Ni kam jinina ya hau, na buɗe baki zan yi magana, Baffa ya ɗaga min hannu. Ya ce, “Gaskiyarka, Yaya,” ya tashi yana dafa bango. Har yau in na tuna ina jin haushin mahaifina, kuma ina jin tausayinsa, ban san wanda ya fi yawa ba.

Damina ta farko ta wuce lafiya, har wasu suka fara yi wa Baffa shaguɓe. A ta biyu aka yi wani ruwa tun daga asuba har azahar ba ɗagawa, gulbi ya cika ya batse, ya kwana yana ruri. Da gari ya waye muka tafi. Layin farko babu shi. Ba rami, ba tudu, sai gaɓa a yanke da jan ruwa yana wucewa. Baba ya riga kowa isa, yana tsaye ba takalmi. A cikin yankakkiyar gaɓar wani tsingaro ya leƙo, ya sunkuya ya zaro shi, ya goge da bakin riga. Wuyan tukunya ne, da dangwale uku.

Baffa ya zo ya tsaya kusa da shi. Na rantse da a ce ni ne, da sai na ce ai na faɗa. Sun daɗe a haka, mutane suka ja baya suka ba su wuri. Can Baba ya yi magana, ba tare da ya juyo ba.

“Ina tan nuha?”

“Ranta yana wurin Ubangijinta, Yaya, ruwa bai isa ya taɓa shi ba. Ƙasar da ta rufe ta kuwa, gulbi zai kai ta Kwara, Kwara ta kai ta teku. Can za ta kwanta. Wuri ne mai shiru, ba ambaliya, ba mai tonowa. Na san wurin. A kansa nake ranar da ta rasu.”

Baba ya sa tsingaron a aljihu, ya juya ya tafi gida. Da marece Baffa ya zauna da kwanonsa, ya ce, “Yaya, bismillah.” Baba ya ɗan tsaya, har na ce yau za a yi ta, sai ya sunkuyar da kai ya wuce, ko “na ƙoshi” bai iya cewa ba. Goggo ta ce min, “Dā hushi na, yanzu kunya ta. Kunyar tsoho kuwa ta hi hushinai taurin kai.”

Haka aka ci wata shekara, har ciwon Baffa ya tashi. Kullum da safe Baba yakan zo ƙofar ɗakin, ya tsaya daga waje, ya tambayi Goggo, “Yaya jikin nai?” Ta ce, “Shigo mana ka gani da idonka.” Ya ce rana tana yi, gona tana jira. Ranar Talatar nan ya tsaya fiye da kullum. Ya ɗauki fartanya, ya yi taku kaɗan, ya dawo, ya ce mata ƙasa-ƙasa, “Ki ce a zuba muna tuwo kwano guda da marece. In ba shi iya hitowa, ni in shigo.” Goggo ta shiga da sauri ta gaya wa Baffa. Ta ce ya yi murmushi, ya ce, “A sa kuka, Yaya ya fi son kuka.” Hantsi bai gama ɗagawa ba ya cika.

Ni na je gona da babur na ɗauko Baba. Tun daga nesa da ya hango ni ya saki fartanya. Ya zo ya hau. Muna cikin tafiya na ji ya damƙe min riga ta baya, yana cewa, “Gona ɗai nit tahi. Nan kusa. Gona ɗai nit tahi.” Ni ma ba na ganin hanya sosai don hawaye.

Bayan la'asar aka yi masa salla, muka ɗauki makara zuwa tudu, gonarsa da ya bayar. Aka sa shi, aka jera itace bisa 'yar kabari, wato ƙaramin ramin ciki. A wurinmu ba a tura ƙasa sai an kwaɓa laka an lilliƙe duk wata kafa tsakanin itacen, don kada ƙasa ta zubo wa mamaci. Aikin matasa ne, sun ma zuba ruwa sun fara. Sai Baba ya ratso mutane, ya ce, “Ku dakata.” Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a gaban lakar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar. Ban san lokacin da ya shiga ɗakin ya ɗauko ta ba.

Wasu suka dubi liman. Liman ya ce, “Ƙasa ta, Alhaji. Zuba.”

Murfin ya ƙi buɗuwa, na miƙa hannu in taimaka, ya ture ni. Da ya buɗe, ya zazzage ta duka, ya cuɗa da lakar tudu, yana murzawa da babban yatsa yadda aka ce Inna tana yi. Ya ɗebo, ya sunkuya cikin kabarin, ya fara liƙewa da kansa, kafa bayan kafa. Ni da ke riƙe da kafaɗarsa don kada ya faɗa, na ji abin da yake faɗi.

“Auta, ga tsarabar Inna. Ni nih hana ka ba ta. Tahi da ita.” Ya liƙe wata kafar. “Tana ginuwa, Auta. Ka gaya mata tana ginuwa.” Sannan ya ɗaga murya yadda duk wanda ke wurin zai ji: “Ku shaida na yahe mai duniya da lahira. Ku roƙa man shi ma shi yahe man.”

Liman ya amsa. Muka tura ƙasa.

Da magariba ta wuce, matan gida sun rikice da kuka da baƙi, ba wanda ya tuna da saƙon safe sai Goggo. Ita ta shiga madafa da kanta, ta kaɗa miyar kuka, ta zuba tuwo kwano ɗaya, ta ba ni ta ce in kai zaure. Na ce, “Goggo, anya?” Ta ce, “Kai dai kai.” Na ajiye a gaban Baba ina jiran ya ce in ɗauke. Ya wanke hannu, ya jawo kwanon, ya gyara masa zama a tsakiyar tabarma, ya yi bismillah. Ya ci gabansa a hankali. Ɗaya gefen ko miya bai taɓa ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa makwanci, ya sada shi da Innarsa a inda ba a jiran kowa a bakin ƙofa. Mahaifina yana nan da rai, ƙafa ta yi nauyi, ido ya rage. Har yau kullum da marece a zaure yake cin tuwo, kuma kullum rabi ake kwashewa a kai wa yara.